Verna Tolliver da Alfadarar da Ta Iya Zama

A kwarin Owens da ke California idan ka ji an ce "matar alfadarai", ba sai an kama suna ba, Verna Tolliver ake nufi. Gidanta yana bayan garin Lone Pine, daidai inda kwalta ta ƙare hanya ta fara hawan dutse. Shekara hamsin da ɗoriya ta yi a gidan nan, kuma kusan duk wanda ya hau duwatsun da kaya masu nauyi a zamaninta, ko mai haƙar ma'adini ne ko maharbi ko mai kamun kifi, a bayan dabbobinta kayansa suka hau.

A Missouri aka haife ta a 1903. Mahaifinta dillalin alfadarai ne, 'ya'yansa biyar duk mata, don haka ya ɗauki ta ukun ya riƙa yawon kasuwa da ita. Tana da shekara tara ta iya buɗe bakin dabba ta faɗi shekarunta, ta kuma iya gane wadda aka ɗura wa magani don ta yi lamo ranar kasuwa. Da ta kai ashirin da ɗaya ta auri Homer Tolliver, wani dogon mutum marar yawan magana da ya zo daga California sayen alfadarai. Ya sayi takwas, ya koma da mata. Ita kuwa har ta tsufa cewa take yi ita ta zaɓar masa takwas ɗin, ta biyo su ne don kada ya lalata su.

Shekara goma sha biyu suka yi tare. A sanyin 1936 ciwon huhu ya kama Homer, cikin kwana tara ya ɗauke shi. Bayan jana'iza 'yan'uwansa biyu suka zauna a ɗakin girkinta, huluna a kan gwiwa, suna ba ta shawara ta sayar da dabbobin ta koma wajen danginta.

"Wannan ba aikin mace ba ne, Verna," in ji babban.

Ta ƙara musu gahawa. "Cikinku wa zai nuna mini alfadarar da ke ciwon kafaɗa?"

Suka dubi juna.

"To ku sha gahawarku kafin ta huce."

Ta ci gaba da aikin ita kaɗai, sai lokacin da masu farauta suka yi yawa take ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Abin da ke ɗebe mata kewa shi ne akwatin rediyo mai batir da Homer ya bari. Kowace Lahadi da ƙarfe shida na yamma, bayan ta zuba wa dabbobi ingirici, sai ta zauna da kwanon wake da gurasar masara ta kama shirin Nat Trumbull. Nat ɗan barkwanci ne wanda kowa a ƙasar ya san muryarsa. A shirinsa mutum ne mai cika baki da tsoron tsiya, wanda zai ba ka labarin yadda ya kama zaki da hannu, sannan ya hau tebur don ya ji motsin ɓera. Verna ba mai yawan dariya ba ce, amma mutumin nan yakan sa ta ajiye cokali.

A bazarar 1941 wani kamfanin fim ya sauka a garin. Wannan ba baƙon abu ba ne, tun kafin fim ya fara magana suke zuwa ɗaukar fina-finan kaboyi a cikin duwatsun nan. Sai dai wannan karon wurin da daraktan ya zaɓa wani kwazazzabo ne mil biyar daga inda mota ke iya kaiwa, aka ce a nemo matar alfadarai ta kai musu kyamara da fitilu da ruwan sha. A can ta ji cewa fim ɗin na ban dariya ne, kuma Nat Trumbull ne jarumin.

Kwana uku tana kallonsu daga inuwar wani dutse. Sun zo da wani farin ingarma daga Hollywood, mai kyau kamar an zana shi, an ɗora Nat a kai cikin riga mai tuntaye da hula mai faɗin faifai. Nat ɗin gajere ne mai sanƙo, ya ƙanƙame sirdi da hannu biyu, yana zubo maganganunsa a guje kamar wanda ake bi. Daraktan, wani mai suna Hollis Brandt, ya yi ta cewa a sake. Babu wanda ya ko murmusa.

Rana ta uku da tsakar rana ta same shi zaune shi kaɗai, ya ajiye farantin abincinsa ƙudaje na bi.

"Kai ne Nat Trumbull?"

"Abin da ya saura daga cikinsa, Madam."

"A rediyo ka fi haka tsawo."

"Kowa haka yake cewa. Matata ma da ta gan ni sai da ta nemi a kashe fitila a kunna rediyo."

Verna ta zauna a kan akwatin fitilu ba tare da an ce ta zauna ba. "Mista Trumbull, shekara shida ina sauraronka. Sauri kake yi. A rediyo in ka yi cika bakinka sai ka yi shiru, kuma shirun nan shi ke kashe mu, don muna jin kana jira ka ga ko an yarda. Nan kuwa ba ka ko tsayawa ka haɗiye yawu."

Mutane da yawa sun ba shi shawara a kwana ukun nan, amma babu wanda ya faɗi wannan.

"A ɗakin rediyo mutum ɗari uku ne a gabana," ya ce. "Na jefa magana su cafe. Nan an hana kowa tari. Kamar in jefa dutse a rijiya ne in kasa jin faɗuwarsa. Ga kuma wancan abin." Ya nuna dokin da haɓa. "A Brooklyn aka haife ni. Dokin da na sani shi ne na mai kawo madara, shi ma ba mu gaisawa."

"Dokin nan ba shi da laifi, ladabi ne ya yi masa yawa. Kai kuwa wanda zai raina ka kake bukata. Taso."

Ta kai shi inda ta ɗaure dabbobinta, ta kwanto wata alfadara mai launin toka, mai shekara goma sha huɗu. Sunanta Hester, sunan gwaggon Homer ne, don in ji Verna kallon mutane iri ɗaya suke yi. Tun tana ƙarama Hester ta ƙirƙiro wata dabara: idan ta ji kaya sun yi mata nauyi sai ta zauna daɓas a kan gindinta kamar kare, kayan su sulale. Da wani ne, da ya yi ta dukanta. Verna kuwa cewa ta yi mai iya wannan ai mai hankali ce, ta rage mata kaya, sannan ta koya mata yin zaman idan ta ga an cire hula an sosa kai.

Brandt bai so ba. Ya ce an biya wa farin doki jirgin ƙasa tun daga Los Angeles, ba zai ɗora jaruminsa a kan jakin ɗaukar kaya ba.

"Alfadara," in ji Verna.

"Ko ma mece ce."

"A gwada sau ɗaya, Hollis," in ji Nat. "Ai daga kanta faɗuwar ta fi kusa."

Aka kunna kyamara. Nat ya gyara zama a kan Hester, ya tura ƙirji gaba ya ce, "Ni ne na kori 'yan fashi arba'in daga Texas, hannuna ɗaya a aljihu!" Hester ta juyo da kai a hankali ta zuba masa ido. Nat ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya ga kallon, ya yi shiru. Can bayan kyamara Verna ta cire hula ta sosa kai. Hester ta zauna. Nat ya sulale ta baya ya dira a ƙasa a zaune, hular ta rufe masa hanci. Bai motsa ba. Ya ɗaga hular da yatsa ɗaya, ya dubi alfadarar, ya dubi kyamara, ya ce a hankali, "Ashe ta taɓa zuwa Texas."

Mai ɗaukar sauti ne ya fara fashewa da dariya, saura suka biyo baya, ɗaukar ta lalace. Brandt ya aika a kira marubutansa biyu, kafin la'asar an ba wanda ke fitowa a matsayin mugu farin dokin, an shigar da alfadara a kowane shafi.

Mako biyu komai ya tafi daidai. Nat ya daina ƙanƙame sirdi, ya koyi ajiye tuffa a aljihu. Verna tana tsaye kusa da kyamara kullum, kuma ita ce ke cewa dabbar ta gaji a dakata, ba darakta ba.

Rigimar ta zo ne a kan wani wuri da aka rubuta cewa 'yan fashi za su buɗe wuta, alfadara ta firgita ta yi tutsu ta zura da gudu da Nat a kai. Aka harba bindigogi goma sha biyu. Hester, wadda ta yi shekara goma tana bin maharba, ko kunne ba ta kaɗa ba, ta ci gaba da tsinkar ciyawa. Aka sake, haka. Da aka tashi cin abinci Verna ta je ba sauran dabbobin ruwa, tana dawowa ta ga wata siririyar waya ta fito daga ƙarƙashin sirdin Hester ta bi ƙasa har zuwa wani batir a bayan dutse.

"Wannan fa?"

"Ɗan tsikarin lantarki ne kawai, Misis Tolliver," in ji Brandt. "Ba ya barin tabo. Kowa yana yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance sirdin ta ajiye a ƙasa, ta zare wayar ta naɗe ta miƙa masa a hannu. Sannan ta kwance alfadaranta kaf, ta jera su, ta hau tsohuwar goɗiyarta mai ƙararrawa a wuya ta kama hanya.

"Ina za ki? Akwai takarda tsakaninmu!"

"Takardar ta ce in kawo muku kayanku nan. Na kawo."

"To wa zai fitar da su?"

"Ku jona wa junanku wayar, za ku yi sauri."

Ranar nan manyan mutane daga Hollywood suka ɗauko kyamara a kafaɗa mil biyar cikin yashi. Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidanta. Brandt ya fito yana ɗingishi, Nat na biye da shi da jakar tuffa. Suka same ta tana gyara wa wata dabba ƙofato, ba ta ɗago ba sai da ta gama ƙafar.

Brandt ya cire hula. Ya ce ya yi kuskure, ba za a sake ba, ya kuma ce shi bai san yadda zai yi da wurin nan ba idan dabbar ba za ta gudu ba.

"Da ka tambaye ni tun jiya," in ji Verna. "Hester ba ta gudun bindiga. Abu ɗaya take yi wa gudu." Ta je ta kaɗa ƙararrawar wuyan goɗiyar. Daga can ƙarshen garke alfadarai suka taho a sukwane, Hester a gaba, don duk inda goɗiyar nan ta nufa can suke bi. "In tsaya bayan tudu da goɗiya, in kaɗa, za ta zo ko da wuta ce a gabanta."

Nat ya kama hannun daraktan. "Tsaya, Hollis. A bar ta tana cin ciyawarta. A yi ta harbi, kowa ya tsere, ni ina dukan cikinta da dunduniya ina roƙonta, ita ko a jikinta. Sai an gama komai, kuku ya buga ƙararrawar abinci, sannan ta kwasa da ni."

Haka aka ɗauke shi, kuma wurin nan ne mutane suka fi tunawa a fim ɗin. Da aka nuna shi a silimar garin, Verna ta sa rigarta ta zuwa coci ta zauna a layi na uku. Ta fito ta ce fim ɗin ba laifi, amma wanda ya ɗaura wa dokin mugun nan sirdi bai san aikinsa ba.

Kamfanin ya aiko mutum da tayin sayen Hester, tayi mai tsoka. Ta ce masa ba ta sayarwa, amma tana ba da haya, kuma duk inda alfadarar za ta je da mai ita za ta je. Mutumin ya ce suna da ƙwararrun masu horar da dabbobi. Ta ce ta ga aikinsu. Ƙarshe dai aka rubuta yadda ta ce.

Fim huɗu suka yi da Nat a cikin shekara takwas. A tsakanin na farko da na biyu ya gayyace ta ɗakin rediyo a Los Angeles, don a lokacin an shigar da Hester cikin shirin Lahadi. Verna ta ɗauka za a bukaci dabbar, sai aka ce a'a, akwai mai yin ta. Aka nuna mata wani siririn mutum mai tabarau a gefen dandali, a gabansa tebur cike da ɓawon kwakwa da ƙofar katako 'yar ƙarama da tiren tsakuwa. Ana gwaji kafin a shigo da 'yan kallo, Nat ya yi cika bakinsa, mutumin ya matso makirufo ya daddage ya saki kuka.

"Dakata," in ji Verna daga kujerarta. "Wannan jaki ne."

Mutumin ya gyara tabarau. "Madam, shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin."

"To shekara goma sha ɗaya kana kukan jaki. Alfadara da haniniya take farawa irin ta uwarta, sai ta tuna waye ubanta, ta ƙarasa da nasa cikin takaici. Ji nan."

Ta hau dandalin da takalmanta na barga, ta tsaya gaban makirufo ta yi. Masu kiɗa suka kwanta a kan kayansu don dariya. Nat ya zauna a ƙasa yana share hawaye, yana roƙonta ta yi shi a shirin da kanta. Ta ƙi, ta ce ita ba 'yar wasa ba ce. Amma ta zauna da mai tabarau awa guda a bayan dandali har ya iya, kuma ta ce ɗalibi ne mai ƙoƙari. Suka rabu da mutunci, har yakan aiko mata da kati duk Kirsimeti.

A allunan talla akan rubuta sunan Nat da manyan baƙaƙe, a ƙasa a rubuta na Hester. Sunan Verna bai taɓa fitowa ba, ko a ƙarshen fim. 'Yar ƙanwarta Lorene, wadda ta dawo wajenta daga Missouri bayan an kashe mijinta a yaƙi, abin ya daɗe yana ci mata rai.

"Anti Verna, ki yi magana mana. Ba don ke ba da mutumin nan yana can yana kawo madara."

"Ba ya iya kawo madara, tsoron dokin yake ji."

"Da gaske nake yi."

"Ni ma. Duk mai alfadara daga nan har Missouri idan ya ga zaman nan ya san akwai hannu a bayansa, kuma ya san hannun waye. Sauran kuwa dariya suka biya su yi, sun yi."

Bayan 1949 irin waɗannan fina-finan suka fara ja baya. Mutane suka koma gaban talabijin, Nat ya gwada can bai ji daɗinsa ba, ya yi ritaya ya koma gabas kusa da 'yarsa. Sau biyu ya zo kwarin da iyalinsa hutu, Verna ta kai su wani tafki a saman duwatsu, ya hau Hester tafiyar yini guda bai ko riƙe sirdi ba. Da suka sauka ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ya ce zai ɓata masa suna.

Hester ta kai shekara talatin da ɗaya. Shekarunta na ƙarshe ba ta ɗauki ko bargo ba, tana yawo a garke tana korar ƙanana daga kwamin ruwa. Da ta mutu Verna ta ari tarakta ta haƙa mata rami a bakin rafi, ba ta bari motar masu kwasar mushe ta shigo gidan ba. Washegari da asuba ta ɗaura wa dabbobi shida kaya ta hau dutse da wasu masu auna ƙasa, don ta riga ta yi musu alkawari.

Ita da Lorene suka ci gaba da aikin. Hanyoyin mota suka ƙaru, masu haƙar ma'adini suka ƙare, amma masu son hawa dutse don nishaɗi suka yi yawa, kuma su ma ba sa son ɗaukar tukwanensu. Tana da shekara saba'in da biyu wata sabuwar alfadara ta matse ta da shinge ta karya mata haƙarƙari biyu. Likitan, saurayi ne da bai daɗe da zuwa garin ba, ya naɗe ta ya ce daga yau hawa ya ƙare.

"Ka taɓa hawa, likita?"

"A'a, Misis Tolliver."

"To ka zo ranar Asabar da ƙarfe bakwai. Ka sa wando mai kauri."

Ya zo. Ita ba ta iya hawa ba ranar, don numfashi ma da ƙyar take yi, amma ta zauna a kan bokiti a tsakiyar garke tana ba shi umarni har rana ta take, Lorene na riƙe da ragama. Bayan mako shida ta koma kan sirdi, likitan bai sake tayar da maganar ba. Daga baya ma ya sayi alfadari nasa, ita ta zaɓar masa.

Ta yi shekara huɗu tana hawa bayan wannan. A kakar 1979 ta sauko daga tafiyar kwana uku, ta kwance kaya, ta duba bayan kowace dabba da tafin hannu ko sirdi ya goge ta, sannan ta ce wa Lorene daga bana ita za ta riƙa jan gaba. Ta rasu a watan Maris na shekarar da ta biyo, a gidanta, bayan jinyar mako biyu. Ranar jana'izar motocin jan dabbobi suka cika hanyar maƙabarta tun daga bakin gari, har sai da ɗan sanda ya fito yana ba da hannu.